Mai Kunne Uku

Samƙura muke ce mata a tsaunukan Jojiya,
wato mai kunne uku.
Babana Guram yakan ce kunne ɗaya na jin ruwa,
ɗaya na jin kofaton tumaki.
Na ukun kuwa, in na tambaya, sai ya gyara hula
ya ce in je in ɗauko masa lauje.

Shekarar da gefen tsauni ya zame
ya tafi da rabin makiyayarmu cikin rafi,
abin da ya rage jan tabo ne da tsakuwa,
kamar an feɗe dutsen an shanya a rana.
Baba ya haura can inda itatuwa ke ƙarewa,
ya dawo da iri cikin safar hannu guda,
ƙanana, ba su kai ƙwayar riɗi ba.
Ya cuɗa su da ƙasar da ya kankaro daga gindin uwarsu.
Ba ta zaman baƙunta, in ji shi,
sai an haɗa ta da ƙasar gidansu.

Bazarar farko, tsiro ɗaya nan, ɗaya can,
kana iya ƙirga su kana tafiya.
Otari maƙwabcinmu ya jingina da shinge:
"Guram, gashin mai sanƙo ka shuka?"
Baba ya ci gaba da wasa laujensa.

Bazara ta biyu ma haka, sai ɗan ƙari.
Shi kuwa tari ya kama shi.
Dusar ƙanƙara ta rufe taga har rabi,
muka binne shi ƙasa na ƙin shebur.

Da sanyi ya saki, na ɗauki fartanya da fushi,
na ce dankali zan sa, a huta.
Sara ɗaya, ƙarfen ya maƙale.
Na durƙusa na tona da yatsu:
jijiyoyi farare, kaurin igiyar takalmi,
sun ratsa tabon gabas da yamma,
wannan ta riƙe waccan, waccan ta riƙe tsakuwa.
Shekara biyu ashe tana ɗinki a ƙarƙashi,
mu muna duban sama muna tsaki.
A jikin saiwar akwai ƙananan ƙulli
irin na wake, don dangi suke.
Na fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja kamar tsoka.
Nan take dafa iska ta mai da ita taki,
ta ci, ta bar wa ciyawar kusa da ita.

Na mayar da ƙasar yadda na same ta.

A watan Yuni ta fito gaba ɗaya.
Kowane ganye da farin zane kamar sawun tsuntsu,
furanni dunƙule-dunƙule, farare da safe,
in sun kwana biyu su yi jan kunya,
su sunkuyar da kai in iri ya kama.
Tumaki suka aske ta har ƙasa, ta sake tohowa.
Saniyarmu ta afka mata da raɓa, ciki wayam,
ta kumbura kamar ganga,
muka kwana muna zagaya da ita a tsakar gida.
Tun ranar sai ta ci busasshiyar ciyawa nake sakinta.

Otari ya kawo amya huɗu, bai ce komai ba,
ya jera su a bakin shingen nan dai.
Zumar fara ce, ba ta da nauyi a harshe.
Ya aiko da kwalba biyu, sannan ya zo da kansa
yana murza hula, wai ko akwai sauran iri.
Na ba shi, na haɗa masa da ƙasa cikin bokiti,
na ce kada ya zo mini da ƙorafi kafin shekara uku.

Da magariba nakan zauna a bakin tabon.
Ganyen na naɗewa, biyu su haɗa fuska,
na ukun ya rufa a kansu.
Shi nake kallo har duhu ya hana ni.